Ranar da Aka Sha Gaban Gawar Wendell

Na karanta saƙonninku kaf, har da na baiwar Allahn nan da ta rubuto min da manyan baƙaƙe cewa, "MALAMA ELVA KI RABU DA MUTUMIN KEBEK, WANDA YA SHA GABAN GAWA BABU ABIN DA BA ZAI YI BA." Na gode da kulawa, 'yar nan. Amma ku ajiye duwatsunku, domin na bar ku kun yi ta jifan wanda bai ci ba bai sha ba. Ba Fernand ne ya sha gaban gawar Wendell ba. Ni ce.

Ga waɗanda yau suka fara haɗuwa da ni: shekaruna saba'in da huɗu, talatin da huɗu daga ciki na yi su ina koyar da lissafi a sakandaren garinmu, a nan Tsibirin Firins Edwad. Duk wani mai furfura da bai kai sittin ba a yankin nan ya taɓa tsayawa gaban allona yana zufa. Mijina ya rasu shekara tara ke nan. 'Yata ɗaya ce, Charlene, malamar asibiti, tana auren Blair, manomin dankali. Shi kuma Fernand mai gyaran agogo ne daga Montiriyal ta lardin Kebek, matarsa ta rasu, ya rufe shago ya zo ya sayi ɗan gida a bakin teku bara waccan. Tun watan Maris ya ce yana so na da aure. Na ce ina tunani. Ƙarya nake, na gama tunanin tun kafin ya rufe baki. Jira nake Charlene ta daina murtuke fuska in ta ga motarsa a ƙofata.

Motar ce matsalar. Ba ma motar ba, lambar da ke bayanta.

"Mama, mutanen Kebek fa," in ji Blair ranar farko, "jar danja a wurinsu shawara ce kawai."

"Wa ya ƙirga?" na ce.

"Kowa ya sani."

"Kowa ba adadi ba ne, Blair. Na faɗa maka haka tun kana aji uku."

A rayuwata sau biyu aka taɓa buga min mota, kuma duka biyun 'yan Tsibiri ne, duka biyun ɗalibaina, ɗaya ma yana ɗaga min hannu yana gaisuwa ya afka min. Shi kuwa Fernand da ake tsoro, a ƙofar gidansa yake kunna sigina, a hanyar da babu mai bi sai dila. Hannu biyu a sitiyari, baya a miƙe, kilomita arba'in, kamar ya ɗauko ƙwai a cinya. Wata rana yaro a keke ya wuce mu yana cin tuffa.

Abu na biyu da za ku riƙe shi ne makullin motata. A watan Afrilu na yi baya na tumɓuke akwatin wasiƙun maƙwabci. Akwatin ne aka kafa a inda bai dace ba, amma bar wannan. Charlene ta tsaya a kicin ɗina da rigar aikinta shuɗiya, ta ce, "Saura ɗaya, Mama. Kika ƙara ko ƙwarzane ne, zan karɓi makulli." A nan ba bas, ba tasi. Tsohuwar da ba ta da makulli sai ta jira wani ya ga dama kafin ta sayi gishiri. Na ga yadda ƙawayena suka koma, suna zaune bakin taga da jaka a cinya tun safe, suna jiran suruki.

To, ranar jana'iza. Wendell mijin Myrtle ne, aminiyata ta shekara sittin. Ni aka ɗora wa abincin da za a ci a zauren taron gari bayan an dawo daga makabarta: faranti huɗu manya na yankakken burodi da haɗin ƙwai, ba ɓawo, an yanka kusurwa uku-uku yadda ake yi wa kowane mamaci a garin nan tun ina yarinya. Fernand ya ɗauke ni zuwa coci. Ana gama waƙar farko muka sulale mu ɗauko farantan a gidana. Na yi lissafina tsaf: fastonmu bai taɓa wa'azin da ya gaza minti arba'in ba. Ashe ranar maƙogwaronsa ke ciwo, minti goma ya yi ya zauna.

Muka taso da farantai, Fernand yana tuƙi kamar hawainiya. Ina duban agogo, ina duban allurar gudu.

"Fernand, taka mana."

"Malama, ƙwai fa muka ɗauko."

"Dafaffe ne! Tsaya. Sauka."

Bai yi musu ba, shi ba ya musu. Ya zagayo ya zauna ya rungume faranti biyu, na ja kujera gaba na ba ta wuta. Muna fitowa babban titi na tarar da jerin motoci suna rarrafe. Watan Agusta ne, lokacin da baƙi 'yan yawon buɗe ido ke cika mana hanya, su tsaya su ɗauki hoton saniya. Na ce shi ke nan, wani ɗan Toronto ya ga jar ƙasa ya rikice. Na leƙa ɗaya hannun, fayau, ba mota ko ɗaya. Har na ce a raina yau na taki sa'a.

Kun san dalilin da ya sa hanyar ta zama fayau. A Tsibirin nan in an taho da gawa, kowace mota sai ta sauka gefen titi ta tsaya, har mai tahowa daga gaba. Manomi ya kashe tarakta ya cire hula. Ni da bakina na koya wa yara wannan. Motocin suna nan jere a gefe, na gan su, amma idona ya gani ƙwaƙwalwata tana kan burodi.

Na fita na danna totur. Mota ɗaya, biyu, biyar. Wani ya ɗan karkato, na danna masa hon, doguwa. Tara, goma, sha ɗaya. Fernand yana ta cewa "Malama, Malama" da ƙaramar murya. Sai ga ni kafaɗa da kafaɗa da doguwar baƙar mota, ga furanni ta gilashi, ga akwatin Wendell.

Birki a nan ya fi muni. Na wuce.

Na zagaya bayan zauren na kashe mota. Muka shiga ta ƙofar kicin kowa da faranti, ba wanda ya ga wanda ya fito ta ƙofar direba. Abin da motoci sha ɗaya suka gani shi ne lambar Kebek tana ɓacewa cikin jar ƙura. Kafin a zuba shayi na biyu magana ta gama zauren. Na buɗe baki, Allah ya sani na buɗe, sai na hango Charlene tana tahowa da idon nan nata. Fernand ya taɓa min gwiwar hannu ya ce a hankali, "Bar shi." Na bar shi. Na ci burodi har uku.

Kwana tara aka yi ana shafa masa kashin kaji. Masunta da ke ajiye masa kifi a ƙofa suka daina. A shago ya yi sallama aka amsa wa bango. A mararrabar coci, inda mutanenmu kan yi minti biyar kowa yana cewa ɗan'uwansa "wuce mana," "a'a kai dai wuce," babu wanda ya ƙara ɗaga masa yatsa. Kuma shi ba ya shiga sai an ba shi hanya. Ranar Laraba ya yi kusan rabin awa a wurin da siginarsa tana ƙyaftawa.

Wayata kuwa ba ta huta ba. Charlene: "Mama kin ga abin da nake faɗa ko? Kada ki ƙara shiga motarsa." Bayan minti biyu: "Kin ci abinci?" Jikata da ke aiki a Albata: "Kaka wai saurayinki ya yi tsere da gawa?? Wa ya ci?" da fuskokin dariya guda shida. Fernand kuwa kullum da safe saƙo ɗaya, da waƙafi da aya a inda suka dace: "Barka da asuba, Malama. Teku ta kwanta yau. Kada ki damu kanki." Wannan "kada ki damu kanki" ya fi komai ƙona min rai. Mutum ya zage ka ka samu abin riƙewa. Amma ya ɗauki kayanka a kansa yana murmushi, ina za ka sa kanka?

Kullum da yamma kuma ina gidan Myrtle, ina riƙe da hannunta, mata suna zagaye da mu suna tsine wa mutanen Kebek. Ni da na shekara talatin da huɗu ina hana yara cewa "kowa ya sani," na zauna na yi gum, don wannan karon abin da kowa ya sani yana rufa min asiri.

Ranar Lahadi Charlene ta ce in gayyato shi cin abincin rana a gidana, wai za a yi magana ta fahimta. Na san fahimtar. Na gasa naman sa da dankalin gonar Blair da karas, na shimfiɗa farin ƙyallen tebur na uwata mai zanen inabi a baki, na fito da farantan da ba a taɓa su sai Kirsimeti. Na sa rigata toka mai maɓallan lu'ulu'u, na cire, na sa koriya wadda Fernand ya taɓa cewa ta yi min kyau, na ji haushin kaina, na bar ta a jikina.

Ƙarfe ɗaya daidai ya kunno kai, da siginarsa. Na fita tarbarsa. Kwat baƙa, taye ruwan goro, takalmi yana ƙyalli, kwalin alewar cakulan a hannu. Sai idona ya faɗa kujerar baya: akwatuna biyu, bargo a naɗe, da ƙaramin akwatin katako da yake ajiye kayan gyaran agogonsa, an ɗaura masa bel kamar jariri.

"Wannan fa?"

"Zan je wurin ƙanwata a Montiriyal."

"Kwana nawa?"

Ya gyara tayensa. "Na bar wa dillali makullin gidan."

"Fernand, kana da hankali kuwa?"

"Malama, ni baƙo ne. In na haye gadar fita Tsibiri da abin nan, ya tafi ke nan. Ke a nan aka binne mijinki, a nan za ki sayi burodi gobe."

"Wa ya roƙe ka?"

"Nama zai huce," ya ce, ya wuce ni ya shiga.

Aka zauna. Charlene ta yi addu'a a gajarce. Blair ya cika farantinsa ya jingina, na san wa'azi zai fara.

"Ni fa Malam Fernand ban ga laifinka sosai ba," ya ce. "Kowa da halin garinsu. Ɗan Toronto yana tuƙi yana ganin don shi aka yi titi, mu kuma ado ne a gefe. Ɗan Albata in motarsa ba ta kai girman coci ba ba ya jin ya cika namiji. 'Yan Bankuba ƙwayar ƙanƙara ɗaya ta faɗo sai gari ya tsaya cak, ana kiran 'yan kwana-kwana. 'Yan Saskacawan kuwa ba su san amfanin sitiyari ba, tun da aka haife su hanya ba ta taɓa lanƙwasa ba."

"Mu fa?" na ce.

"Mu ai lafiya lau muke."

"Rabonka da kunna sigina tun ranar gwajin lasisi."

"Mama, wa zan kunna wa? Kowa ya san inda za ni." Ya juya ga Fernand da cokali a hannu. "Amma ku, sarakan titi, ko mamaci ba ku bari ya riga ku."

"Blair," in ji Charlene. Ta ajiye wuƙa ta haɗa hannuwa. "Malam Fernand, ba mu da wani abu da kai. Amma uwa ɗaya gare ni. Ba zan iya kwana ina tunanin tana cikin motarka ba. Maganar aure kuma, ina ganin..."

"Kin yi gaskiya," Fernand ya ce. Ya miƙe tsaye ya ɓalla maɓallin kwat. "Abin da ya faru ranar jana'iza abin kunya ne, ina neman gafararku da ta garin nan. Na zo ne in yi sallama."

Na dubi Charlene, na ga kafaɗunta sun sauka don sauƙi. Na dubi Blair yana gyaɗa kai kamar alƙali.

"Zauna, Fernand. Ni na tuƙa motar."

Kowa ya juyo kaina. Agogon bango, wanda Fernand ya gyara, yana ta bugawa.

"Ni na ƙwace sitiyari a mararraba. Ni na wuce mota sha ɗaya. Ni na danna hon. Shi yana gefe da burodi a cinya yana kiran sunana."

Na zaci ihu, na zaci kuka. Na riga na sa hannu a aljihu na damƙe makullina ina yi masa bankwana. Sai Charlene ta miƙo hannu ta dafa nawa, idonta ya kawo ruwa.

"Wayyo Mama. Har abin ya kai haka?"

"Ya kai ina?"

"Ki ɗauki laifin namiji ki ɗora wa kanki? A shekarunki?"

Blair ya fashe da dariya har yana buga tebur. "Mama ta wuce mota sha ɗaya! Mama da ke tsayawa agwagi su tsallaka!"

"Sau ɗaya ne, kuma da 'ya'yansu suke!"

"Haifaffiyar Tsibiri ba za ta yi haka ba," in ji shi, yana share ido. "Ba ya cikin jininmu."

"Jininku na me? Ni da na yi nake faɗa maka na yi!"

"Kin gani ko, Blair?" Charlene ta ce ƙasa-ƙasa, kamar ba na ɗakin. "Haka ake juya tsofaffi. Mun yi bita a kai a wurin aiki."

Jama'a, na yi shekaru ina fama da yara masu taurin kai, amma ban taɓa ganin mai laifi ya kawo kansa an ce masa ya koma gida ba. An bar jaki ana dukan taiki, jakin ya zo da kansa ya ce ga ni, an shafa kansa an ba shi dusa. Na juya ga mutum ɗaya da ya san gaskiya.

"Faɗa musu, Fernand."

Ya dube ni. Ya dubi aljihun da hannuna yake ciki.

"Malama mace ce mai kirki," ya ce. "Tana so ta rufa min asiri. Na gode da abinci."

Ya ɗan rusuna wa Charlene, ya ɗauki hularsa ya fita. Ina ji ya tayar da mota, ya jira ta yi zafi yadda ya saba ko a tsakiyar bazara, sannan ƙarar ta yi nisa a hankali. Da akwai faranti a hannuna da na jefe shi da shi, na Kirsimeti ko ba na Kirsimeti ba.

"Hakan ya fi, Mama," in ji Charlene. "Za ki manta."

Na ɗauko waya na kira Myrtle, na buɗe murya yadda kowa zai ji, na ajiye ta tsakanin nama da karas.

"Elva? Lafiya?"

"Myrtle, Charlene da Blair suna ji. Ina da maganar da ya kamata in faɗa miki tun ranar da aka binne Wendell. Motar da ta sha gabanku..."

"Ke ce. Na sani."

Cokalin Blair ya tsaya a hanya.

"Ina cikin motar da ke bin gawa, ta gefen taga," in ji Myrtle. "Kika wuce ni kamar in miƙa hannu in ja kunnenki. Haɓarki a kan sitiyari, bakinki yana motsi. Na san zagi kike yi."

"Goggo Myrtle," Charlene ta ce, "kin tabbata? Ranar kina cikin tashin hankali..."

"Ke 'yar nan, mijina na rasa, ba idona ba."

"To me ya hana ki faɗa?" na ce.

"Jira nake in ga kwana nawa za ki bar bawan Allah da kayanki a kansa. Tara, Elva. Na ƙirga, ai ke kika ce a riƙa ƙirgawa." Ta ja numfashi. "Wucewar ba ta dame ni ba. Wendell shekara hamsin yana tafiya a tsakiyar titin nan, ba wanda ya taɓa samun hanyar wuce shi. Da na ga an yi masa ranar ƙarshe, na toshe baki da hankici, yara suka ɗauka kuka nake. Abin da ya yi min ciwo, ki zo kullum ki riƙe hannuna ana zagin wani, ki yi shiru. Ban san ki da haka ba."

Na sunkuyar da kai. Ni, Elva.

"Ki yafe min, Myrtle."

"Zan duba. Ina mutumin?"

"Ya tafi. Ya nufi gada da kayansa."

"To me kike yi a waya?" Ta kashe.

Charlene ta yi fari fat. Ta ce, "Mota sha ɗaya, Mama. A ɗaya hannun. Da wani ya fito daga lungu fa? Da ni za a kira in zo in gane ki." Ba ta ɗaga murya ba, wannan ya fi. Ta buɗe tafin hannunta a kan tebur.

Na ciro makullin. Yana da ɗumi don daɗewar da ya yi a hannuna. Shekara hamsin da shida ina tuƙi. Na ajiye mata, ta rufe hannu, ta fashe da kuka, ni kuma ba ni da lokacin kuka.

"Kira shi," ta ce cikin hawaye. "Ki ce ya dawo, in ba shi haƙuri."

"In zai tuƙi kashe waya yake ya kulle ta a aljihun mota. Blair, tashi."

"Mama ban gama cin..."

"Tashi, ko in gaya wa matarka wanda ya rubuta maka jarrabawar aji biyar."

Ya tashi.

Daga gidana zuwa gada kilomita talatin ne. Fernand ya ba mu ratar kusan minti ashirin, amma da arba'in ɗinsa, in Blair ya riƙe tamanin, za mu kamo shi kafin ya hau. In ya hau kuwa shi ke nan, ba a juyawa a kan gadar nan, kuma na san mutumin: abin da ya riga ya haye ba ya komowa kansa. Na haye a-kori-kurar Blair da koriyar rigata da takalmin cikin gida, na ture buhun taki da igiya na zauna, na ɗaura bel.

Da farko ya yi abin kirki, har ya taɓa tamanin da biyar. Kunnuwansa sun yi ja.

"Mama," ya ce can, "wai da gaske hon kika danna?"

"Duba gabanka."

Muka hau tudun ƙarshe, wanda daga kansa ake hango ruwa da gadar ta miƙe a kai. Can ƙasa, inda titi ya lanƙwasa, na hango 'yar mota ruwan toka tana tafiya a natse, jerin motoci a bayanta kamar ana rakiyar amarya.

"Ga shi can! Taka, Blair!"

Sai na ji motar tana rage gudu. Wata a-kori-kura ce ke tahowa daga gaba, ta Orville, maƙwabcin gonarsa. Blair ya taka birki a tsakiyar titi, Orville ma ya taka, taga ta yi daidai da taga.

"Blair, me kake yi?"

"Mama, Orville ne fa. Ba a wuce mutum haka, ai ba Toronto muke ba." Ya sauke gilashi. "Orville! Ya ruwa ya yi muku jiya?"

"Ina fa ruwa, yayyafi dai. A'a, Malama, barka da rana! Blair, ka ga sabon famfon feshin da na ce maka? Yana baya, zo ka gani."

"Blair, wallahi in ka sauka..."

"Minti ɗaya, Mama."

Ya buɗe ƙofa ya sauka. Su biyu suka zagaya bayan motar Orville, suka jingina, Orville ya ciro taba. Na san minti ɗayan mutanen nan, na raine su a aji. Can ƙasa 'yar motar ta kunna sigina, ta fara karkata zuwa hanyar gada.

Na dubi kujerar Blair. Inji yana aiki, makulli yana jiki yana lilo. Minti ashirin ke nan da na ba 'yata nawa a hannu, hawayenta ko bushewa bai yi ba a kafaɗar rigata.

Na kwance bel.